Yaƙin Jinga a Turke na Takwas

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kewaye ta da ruwa, bai kuma nemi shawarar kowa ba ranar da ya sa musu iyaka. Bayan haka, wannan shi ne tarihin gwagwarmayar bajimin maza, ginshiƙin Zangon Kwakwa, Haladu mai shayi, ɗan Ɓaidu, jikan Makau, tattaɓa-kunnen Jatau Sarkin Jinga na Kwarin Tsada a ƙasar Haɗeja, gidan da tun kaka da kakanni ba su gaji sarauta ba, ba su gaji malanta ba, ko jaki ba su gada ba, sai taurin kai da sanin yadda ake tare ruwa. Jinga kuwa, domin wanda ya tashi a kan tudu bai san wahala ba, ita ce ganuwar ƙasa da ake tayarwa a bakin kogi don kada ambaliya ta cinye gona. An ce Jatau ya taɓa tare kogi kwana arba'in da kwando ɗaya. An ce Makau ya toshe ɓaraka da gadon bayansa har aka kawo ƙasa. Shi kuwa Ɓaidu an ce ya yi niyya, ruwa ne ya riga shi, shi ya sa Haladu ya girma a gidan kawunsa.

Wannan Haladu ya sauka ƙasar Ikko shekara ashirin da biyu da suka wuce, a kan buhunan albasa, a bayan tirela, ba shi da komai sai butar shayi da wannan jini mai daraja. Ya yi ta gangarawa yamma ta hanyar Badagiri, buta a hannu, faranti a ka, har ƙasa ta ƙare masa a wata gaɓar teku inda Hausawa suka yi zango a gefen masunta Egun. A nan ya kafa daularsa: rumfa mai ƙafa huɗu da rufin langa-langa, tebur ɗaya, benci biyu, kurfoti, da rediyon da ba ya magana sai an mare shi.

To, amma kowace daula da abokin gabarta. Nasa shi ne teku, Baharul Muhiɗi, uban ruwaye, mai gishirin da ba a auna masa ba, wanda ba shi da tsallake balle a ce a kai ƙara wajen na can gefen, ba shi da rani balle a jira ya ƙafe, ba ya barci, ba ya zuwa ta'aziyya, kuma sau biyu kullum yake kawo hari ya koma, kamar mai aikin gwamnati da ba ya makara. Ba da garaje yake cin ƙasa ba. Taku ɗaya bana, taku uku baɗi, yau gindin kwakwa, gobe kwakwar kanta.

Wasu ma'aikata masu hular kwano sun taɓa zuwa da igiyar awo, suka kafa turakun ƙarfe guda tara a jere, daga bakin ruwa zuwa cikin ƙasa, kowanne da lambarsa, wai don a riƙa gane abin da teku ya ci a shekara. Suka ce kada kowa ya taɓa tudun yashin da ke gabas da zango, suka sha shayi, suka tafi. Teku ya cinye turke na ɗaya, ya cinye na biyu, ya bi su ɗai-ɗai kamar mai cin gyaɗa har na bakwai. Sau huɗu Haladu yana tumɓuke rumfarsa yana ja da baya, abin da marubuta tarihi ke kira hijira, makwabta kuma ke kira gudu. A hijira ta huɗu ya ɗaure ƙafar rumfar a jikin turke na takwas. Turke na tara kuwa yana gindin katangar wani attajiri da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, katanga mai waya a sama da maigadi a ƙofa. Wato dai ƙasa ta ƙare a karo na biyu. In wannan gurbi ya tafi, babu wani.

Ranar wata Talata cikin damina, bayan igiyar ruwa ta zo har ta lashi ƙafar benci ta koma, jinin Jatau ya motsa. Haladu ya ajiye mataci, ya kira majalisar yaƙi. Mahalarta biyu ne, kuma daman suna zaune. Na farko Ilu mai tsire, mutumin Gwadabawa, wanda aka naɗa Madawaki nan take saboda shi kaɗai ke da doguwar wuƙa. Na biyu Mati mai yankan farce, wanda ya zama Sankira, tun da almakashinsa na ƙara kamar kalangu, bakinsa kuma bai taɓa gajiya da abin da ba a tambaye shi ba.

Haladu ya ce, "Jinga za mu yi."

Ilu ya ce, "Wa teku?"

"Ruwa ruwa ne, Madawaki."

Da wannan kalma, wadda ta fi ƙarfin a yi mata gardama, aka tashi majalisa.

Aka shiga tara makamai. Daga gidan biredin da ke kawo wa Haladu kaya aka samo buhunan fulawa ɗari da goma sha ɗaya, farare tas kamar rundunar da ta sha wanki. Aka aro shebur mai rabin ƙota, da kwanon sarki mai huda, da baro wanda tayarsa ta rasu tun bara, yana tafiya a kan ƙarfe yana kuka kamar an taka wutsiyar kare. Saura abu ɗaya, ƙasar cika buhu. A Kwarin Tsada ƙa'ida ce tun zamanin Jatau: ba a ɗibar ƙasar jinga a gabanta, ba a ɗibar jiƙaƙƙiya, tudu mafi kusa ake nema. Amirul jaishi Haladu ya ɗaga ido, sai ga tudu a hannun hagunsa, dogo, busasshe, taku talatin kacal daga rumfa, kamar an ajiye masa.

Da ya hau, sai ya tarar da abin da ya ƙara tunzura shi. Wata ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe tudun tun daga gindi har ƙoli, mai kaurin ganye da fure ja-ja kamar bakin kakaki. Haladu ya duƙa, ya tsinko, ya shinshina, ya ja tsaki. Duman kada! Tsohon maƙiyin gidansu, wanda ke shaƙe gonar fadama, wanda in akuya ta ci take rawar kai kamar mai bori. Ashe har nan ya biyo shi. Nan take aka buɗe fagen daga na biyu. Madawaki ya zare wuƙar tsire, Sankira ya kaɗa almakashi, aka auka wa yaɗon ba sani ba sabo, ana sara, ana tugewa, ana jan saiwoyi masu tsawon igiyar rijiya, kuma duk saiwar da aka finciko sai yashi ya zubo a bayanta kamar gari, abin da mayaƙan suka ɗauka alamar nasara ce, tun da ya sauƙaƙa wa shebur aiki.

Ana cikin haka jakadiyar masunta ta iso. Ita ce Iya Senami mai bandar kifi, wadda gangunanta na hayaƙi ke kwarin da ke bayan tudun, tsohuwa ce da aka haifa a gaɓar nan a wani gida da yanzu kwale-kwale ke wucewa ta kansa. Shekara ashirin tana sayen shayi a wajen Haladu, shekara ashirin tana cewa ya yi ruwa. Ta riƙe ƙugu ta dube su.

"Malam, me tudun nan ya yi maka?"

"Yaƙi nake, Iya."

"Da wa?"

"Da maƙwabcinki."

"To ai maigadinka kake kora. Ciyawar nan ita ke riƙe da yashi, yashin kuma shi ke riƙe da mu. Uwata ko tsinke ba ta bari a cira a nan."

"Iya, wannan duman kada ne. A garinmu shi ke haukata awaki."

"Akuya nawa ka gani a nan? Ni dai uku nake gani, kuma ba su ci komai ba."

Mati ya ƙyalƙyale da dariya kafin ya tuna yana cikin lissafin. Haladu ya dafa shebur, ya yi mata kallon da manya ke yi wa wanda bai san tarihi ba.

"Iya, kakannina ruwa suke tarewa tun ba a haifi Ikko ba. Ruwa ruwa ne."

"Ruwa ruwa ne? To gobe ka dafa mini shayi da wancan." Ta nuna teku da haɓa. "Jibi wata sha huɗu, ranar da teku ke cika ya batse. Ka kwashe sukarinka."

Ta juya. Kafin la'asar an ga ita da matan layinta suna mirgina gangunan banda suna hawa da su can bakin titi. Sankira ya shelanta wa duniya cewa ƙawayen yaƙi sun tsere tun ba a buga tambari ba, saboda haka ganima ba za a raba da kowa ba.

Kwana biyu ana fafatawa. Ana cika buhu, ana ɗaure baki, ana ɗorawa a baro, baro na kuka, Madawaki na zagi da Sakkwatanci, kiran yaƙi kuwa bai wuce uku ba: "A cika!" da "A ɗaure!" da "Wayyo bayana!" Haladu da kansa yake jera buhunan, ɗaya a kan gaɓar biyu kamar yadda ake jera tubali, yana bi yana tattakawa da dunduniya, yana gyara kusurwa da idon gado. In za a faɗi gaskiya, kuma tarihi ba ya son ƙarya, ba a taɓa ganin jinga mai kyan wannan ba daga nan har Kwatano. Ta tashi a gaban rumfa kamar jinjirin wata, hawa huɗu, tsayinta ya kai ƙirjin namiji, fara fat, tana ƙamshin biredi. Can gabas kuwa, a tsakiyar tudu, an bar wata wawakekiyar ƙofa wadda mota ƙirar a-kori-kura za ta shige ba ta goga ba. Ba wanda ya waiwaye ta, domin jarumi gabansa yake kallo.

Ranar sha huɗu ga wata gari ya waye da iska. Sama ta yi baƙi ta kudu, masunta suka janye jiragensu can sama suka ɗaure da kwakwa, abokin gaba kuma ya wuni yana gurnani yana tara runduna. Da aka idar da la'asar, Haladu ya yi shirin yaƙi: ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaure ƙugu da tawul ɗin goge kofi, ya riƙe mataci a dama, ya sa aka hau da butar shayi da kofi uku kan jinga, domin a sha na nasara a inda aka yi ta. Madawaki ya tsaya a ƙasa daga ciki yana tsaron rumfa. Sankira ya hau gefen ubangidansa, ya kaɗa almakashi, ya buɗe maƙogwaro:

"Haladu na Ɓaidu, gagara ambaliya!
Tafasasshe, ba a sa maka yatsa!
Mai kofi ɗaya ya tada matacce,
Jikan mai toshe kogi da baya!
Gishiri, koma gidanku, ga sukari ya fito!"

Sai ga runduna ta farko. Ta taso tun daga nesa, ta yi tsayi, ta yi farin rawani, ta zo ta maka kanta a jikin jinga da ƙarar da ta sa rediyo ya yi magana ba a mare shi ba. Ta tarwatse. Buhu ko ɗaya bai gusa ba.

"Ƙaro!" in ji Haladu.

Ta biyu ta zo, ta fi ta farko, ta watsa musu kumfa har cikin hanci, ita ma ta koma da kunya. Ta uku haka, ta huɗu haka. Haladu ya ɗaga mataci sama yana kiran sunan Jatau, yana kiran Makau, har Ɓaidu ya sa a ciki don kada ya ji haushi. Mati ya yi kirari har murya ta dushe. Da a ce an tsayar da duniya a wannan lokacin, da sai a rubuta sunan Haladu a jerin waɗanda suka ci gari da yaƙi.

Amma shi teku ba Bahaɗeje ba ne, bai san ƙa'idar cewa ruwa ta gaba yake zuwa ba. Yayin da manyan rundunoninsa ke ɗauke hankalin jarumai, wani ɗan ruwa marar suna, marar kumfa, ya bi gefe, ya tarar da ƙofa a buɗe a tsakiyar tudu, ba ciyawa ba mai tambaya, ya shiga kamar baƙon da ya san gida. Na bayansa ya biyo. Yashin da ba shi da saiwa ya narke musu, ƙofa ta zama ƙofofi, kwarin da gangunan Iya Senami suka bari ya cika, ruwa ya bi gindin katangar attajiri a hankali, ya zagayo ta bayan rumfa.

Ilu ne ya fara samun wahayi, ta tafin ƙafa.

"Haladu! Wai ruwan wanke-wanke ka zubar?"

"Riƙe matsayinka, Madawaki!"

"Matsayin nawa tafiya yake!"

Amirul jaishi ya waiwaya a karo na farko cikin kwana uku. Abin da ya gani shi ne bencinsa na dama yana wucewa a natse, da Madawaki a kai, ya rungume gwiwa, wuƙa a haƙori. Bayansa biredi goma sha biyu a cikin leda suna bin sahu kamar agwagi. Ilu ya yi tsalle ya kama jinga, aka jawo shi sama. Nan su uku suka tsaya a kan ganuwar da ba a ci ba, ruwa a gaba, ruwa a baya, suna kallon daular da suka fito karewa. Tebur ya tashi. Kurfoti ya yi tsaki ya mutu. Sukari ya tafi gyara wa teku ɗanɗano, teku bai ko sani ba. Rumfa ta yi ɗan jinkiri saboda amanar da ke tsakaninta da turke na takwas, ta karkata hagu, ta karkata dama, kana ta durƙusa, turken ya tumɓuke ya bi ta. Da ruwa ya juya zai koma, ta ƙofar da aka yi masa ya fita, da kayan gaba ɗaya, bai taɓa buhu ko ɗaya ba, kamar mai gudun abin magana.

Can Haladu ya duƙa, ya taɓa buta, ya ji da sauran ɗumi. Ya zuba kofi uku, ba madara ba sukari. Suka sha. Mati ya nemi ya kaɗa almakashi, Ilu ya ce in ya sake ya ji ƙas ɗaya zai jefa shi ya bi biredi.

Daga can bakin titi muryar Iya Senami ta keto iska: "Malam! A kawo maka ruwan shayi, ko wanda ke nan ya isa?"

Kafin magariba ruwa ya janye, jarumai suka sauko.

Jinga ta tsaya kwana uku cur a tsakiyar fili, fara, gagarau, tana tsaron wurin da babu kowa babu komai. Abin da Baharul Muhiɗi ya kasa, a rana ta huɗu mata shida suka yi shi da wuƙar fere kifi. Iya Senami ta jagorance su, suka kwance bakin buhunan ɗaya bayan ɗaya, suka juye a baron nan mai kuka, suka sa Haladu da kansa ya tura, ya mayar da yashin inda ya ɗebo shi. Ƙofar ta fi yashin girma yanzu, amma aka cike abin da ya samu. Buhunan kuwa suka kakkaɓe, suka ninke, suka ce ladan gargaɗi ne, yanzu haka kifi banda ake kai wa kasuwa a ciki. Sa'an nan tsohuwar ta miƙa wa tattaɓa-kunnen Jatau dami guda na yaɗon da aka yanko daga ƙarshen tudu, ta nuna masa yadda ake binne gaɓa a bar kai a waje. Ya durƙusa ya dasa duman kada da hannunsa, layi-layi, taku ɗaya tsakani. Ya roƙi Ilu da Mati, don girman zumunci, kada wannan magana ta isa Kwarin Tsada. Mati ya yi rantsuwa, shi ya sa kowa ya sani.

Bayan wata biyu masu hular kwano suka dawo da igiyar awo. Suka nemi turke na takwas sama da ƙasa ba su gani ba, suka rubuta cewa bana teku ya yi ɓarnar da ba su taɓa gani ba, suka yi ta mamakin dalili. Mai shayin da ya zuba musu a tsaye ya taya su mamaki.

Yanzu in ka je Zangon Kwakwa, ka nemi turke na tara a gindin katangar attajiri. A nan za ka ga Haladu, buta a hannu, faranti a ka, kamar ranar da ya sauka daga tirela, sai dai furfura. Ba rumfa, ba benci. Sau biyu kullum maigadi ke fitowa ya kore shi, safe da yamma, shi kuma ya ja da baya ba gardama, ya ba shi kamar rabin sa'a, ya dawo ya ajiye buta taku ɗaya gaba da inda take. Ya ce wannan dabara ce da ya koya a wajen wani babba. A lissafinsa, nan da shekara shida zai kai inuwar ƙofa.

Wanda duk ya tambaye shi labarin yaƙin, yakan cika masa kofi tukuna, ya dubi kudu, ya ce, "Tambayi kowa a zangon nan. Buhu ɗari da goma sha ɗaya na jera, ko ɗaya ruwa bai ɗauka ba."

Kuma gaskiya ce. Iyakar abin da ya tabbata ke nan na Yaƙin Jinga. Allah ya jiƙan Jatau, ya jiƙan Makau, ya yafe wa Ɓaidu, ya sa duman kada ya kama.